Lissafin Igiya da Nauyi Wajen Ɗora Eriya a Kan Hasumiya

Masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke karɓar lasisin hukuma domin su riƙa magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe ta na'urorin da suka kafa a gidajensu ba don neman kuɗi ba, sun daɗe da sanin cewa tsayin eriya daga ƙasa ya fi tsadar na'urar da ke kan tebur tasiri a kan nisan da murya za ta kai. Harkar ta fi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan, ƙungiyar ARRL ta Amurka tana aiki tun 1914, haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta duniya, IARU, kuma tun 1925, amma ko a wannan yanki akwai masu yin ta, ana kuma gane su da farkon lambar kiransu, 5N a Najeriya, 5U a Nijar, 9G a Gana, TJ a Kamaru, TT a Cadi, ST a Sudan. Eriyar da suka fi so wajen kai saƙo nesa ita ce Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a jami'ar Tohoku ta Japan a 1926, mai siffar eriyar talabijin ta kan rufin gida, sai dai wadda ake aiki da ita a gajeren zango na mita 20 kowane reshenta yakan kai mita 10, nauyin yawancin irinta kuma yana tsakanin kilo 12 da 35. Ita ake so a kai saman hasumiyar ƙarfe mai mita 15 ko 20 ko fiye, kuma mafi yawan lokaci babu injin ɗaga kaya, sai igiya da hannun abokai.

Kilo 30 nauyi ne da mutum ɗaya zai ɗauka ba tare da ya nemi taimako ba, kuma daga nan ruɗin yake farawa, domin a cikin dukan adadin da ke tattare da wannan aiki nauyin eriyar yana cikin mafi ƙanƙanta. Abin da igiya da maƙalanta ke ji shi ne ƙarfin ja, wato ƙarfin da ke miƙar da igiya tsakanin bakinta biyu, wanda yakan ninka nauyin kayan sau biyu, ko sau biyar, wani lokaci har fiye da sau goma, gwargwadon kusurwar da igiyar ta bi da irin motsin da kayan ya yi. Injiniyoyi suna auna wannan ƙarfi da ma'aunin niwton, kilo guda yana daidai da kimanin niwton 9.8, amma a nan za a bar lissafin a kilo saboda shi hannu ya saba da shi.

Kayan aiki na farko shi ne sandar ɗagawa, bututun alminiyom mai tsawon mita 3 da rabi ko makamancin haka, wanda ake ɗaurewa a jikin ƙafar hasumiya ta yadda zai zarce ƙololuwarta, a kansa kuma akwai fuli, wato gargare mai kwari a gefensa wanda igiya ke kwantawa a ciki tana juya shi. Da ita ake ɗora sassan hasumiyar kansu, irin na kamfanin Rohn samfurin 25G da kowane sashensa ke da mita 3 da nauyin kilo 18, da ita kuma ake ɗora eriya. Fulin da ke kafe wuri ɗaya ba ya rage nauyi ko kaɗan, alkiblar ja kawai yake sauyawa, saboda haka idan an rataye kilo 30 a baki ɗaya, sai masu ja su riƙe kilo 30 a ɗaya bakin, kuma tunda bakunan biyu duk ƙasa suke ja, fulin da sandar da ke ɗauke da shi kilo 60 suke ji. Wannan ninki yana raguwa yayin da kusurwar da ke tsakanin bakunan ke buɗewa: a digiri 60 fulin yana jin ninki 1.73 na jan igiyar, a digiri 90 ninki 1.41, a digiri 120 kuma daidai da jan igiyar.

Wanda ya ga waɗannan alkaluma zai iya zaton cewa dabara ita ce masu ja su matsa nesa da hasumiya domin kusurwar ta buɗe, alhali wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta lanƙwasa sandar. Bututu yana jure nauyin da ke danna shi daga sama zuwa ƙasa sosai, amma ba ya jure ja ta gefe, domin ƙarfin lanƙwasa shi ne jan gefe a ninka shi da tsawon abin da ya zarce maɗaurinsa. Idan igiyar masu ja ta karkata digiri 45 daga jikin hasumiya, daga cikin kilo 30 ɗin nan akwai kilo 21 da ke jan kan sandar ta gefe, kuma idan sandar ta zarce maɗauri da mita 3, ƙarfin lanƙwasa ya zama kilo-mita 63, wanda idan ƙusoshi biyu masu tazarar santimita 30 ne ke riƙe da ita, kowannensu zai ji abin da ya kai kilo 200. Shi ya sa ƙwararru suke sa fuli na biyu a gindin hasumiya, igiya ta sauko miƙe a jikin ƙarfen, sannan ta karya kwana ta bi ƙasa zuwa inda masu ja suke tsaye, nesa da inda sufana ko noti zai faɗo. Fulin gindi yana da nasa kason, kimanin ninki 1.41 na jan igiyar, kuma janta sama da waje yake yi, saboda haka wurin ɗaurinsa shi ne ƙafar hasumiya kusa da siminti, domin siraran sandunan da ke gicciye tsakanin ƙafafun ba a yi su don wannan ba.

Sai kuma gogayya, wadda ke cin nata rabon a kowane fuli: mai boris yakan ci kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, marar boris wajen kashi 10, idan kuwa zoben ƙarfe kawai aka zura igiyar a ciki, asarar takan kusanci rabi. Da fuli biyu marasa boris, kilo 30 ya zama 33 bayan na sama, ya zama 36 a hannun masu ja. Idan kayan ya yi nauyi ana iya ɗaure bakin igiya a sama, a zagayo da ita ta wani fuli da ke jikin kayan, sannan ta koma fulin sama, wanda ke raba jan gida biyu ya kuma sauko da nauyin kan sandar daga ninki 2 zuwa ninki 1.5, sai dai igiyar da za a buƙata ta kai tsayin hasumiyar sau uku.

Akwai wata igiya da ba a cika sa ta a lissafi ba, ita ce akala, siririyar igiyar da ake ɗaurawa a jikin eriya domin wani da ke ƙasa ya riƙa janye ta daga jikin hasumiya da wayoyin riƙo, wato wayoyin ƙarfen da ke tashi daga jikin hasumiya zuwa turaku a ƙasa suna hana ta faɗuwa. Mai akala yana ƙasa, saboda haka duk jan da ya yi yana da kaso biyu, ɗaya na janye eriya gefe, ɗaya na jawo ta ƙasa, kuma kaso na biyun kan igiyar ɗagawa yake hawa. Idan akalar ta sauko a kan digiri 45, mai ita kuma ya ja har igiyar ɗagawa ta karkata digiri 15, eriyar kilo 30 ta koma 42 a jikin igiyar, idan ya ƙara ja har karkatar ta kai digiri 30, ta koma 82, fulin sama kuma ya ji abin da ya haura 150. Daga nan adadin yana tashi da sauri ƙwarai, domin igiyoyin biyu suna dab da zama miƙaƙƙen layi guda, masu ɗagawa da mai akala sun koma jayayya da juna, eriya tana tsakiya. Maganin abin shi ne mai akala ya tsaya can nesa domin igiyarsa ta kwanta, ya kuma sassauta yayin da eriya ke kusantar sama.

Inda lissafi ya fi yaudarar ido shi ne igiyar zamiya, dabarar da ake bi idan eriya ta yi faɗin da ba za ta wuce tsakanin wayoyin riƙo ba. Ana ɗaura waya ko igiya mai ƙarfi daga bututun da ke saman hasumiya zuwa turke a ƙasa can nesa, a rataye eriya a jikinta da fuli, sannan a jawo ta da wata igiyar ta hau a karkace har ta isa wurin zamanta. Ƙa'idar da ke mulkin wannan igiya tsohuwa ce, tun 1586 Simon Stevin, masanin lissafi ɗan garin Buruj da ke Beljiyam ta yau, ya bayyana yadda ƙarfi ke rabuwa a bisa kusurwa, kuma kowa ya taɓa ganinta a igiyar shanya, wadda komai ɗaurinta sai ta lotsa idan an ɗora mata jiƙaƙƙen bargo, idan kuwa an hana ta lotsawa sai ta tumɓuke ƙusar da ke bango. Dalili shi ne igiyar da ke kwance ba ta da abin da za ta tallafi nauyi da shi sai ɗan karkatar da lotsawa ta ba ta, saboda haka iya ƙanƙantar karkatar, iya girman jan. Idan bakunan biyu sun karkata digiri 30, jan kowane baki daidai yake da nauyin kayan, a digiri 10 ya kusa ninki 3, a digiri 5 ya kusa ninki 6, a digiri 2 kuwa ya haura ninki 14. A taƙaice, idan kayan yana tsakiya, ana ninka nauyi da tsawon igiya, a raba da ninki huɗu na zurfin lotsawar.

Misali zai fi fito da abin fili. A ɗauki hasumiya mai mita 20 da turke mai nisan mita 35 daga gindinta, wanda ke ba da igiyar zamiya mai tsawon kimanin mita 40 da karkata ta digiri 30. Daga kilo 30 na eriya, kimanin 15 suna neman gangarawa ƙasa, igiyar jawowa ce ke riƙe su, kimanin 26 kuma suna danna igiyar zamiya. Idan aka ɗaure ta tamau har ba ta lotsa fiye da mita guda ba sa'ad da eriya ta kai tsakiya, jan da ke cikinta kilo 260 ne, idan aka bar ta ta lotsa mita 3 kuwa, bai kai 90 ba. Igiya mai kyau za ta ɗauki 260 ba tare da wata damuwa ba, abin tsoro yana bakinta na sama, inda fiye da kilo 200 ke jan bututu ta gefe, kuma idan an ɗaura ta mita ɗaya da rabi sama da ƙololuwar hasumiya, ƙarfin lanƙwasa ya haura kilo-mita 300, alhali bututun ruwa na inci ɗaya da rabi, wanda mutane da yawa ke sawa a wannan wuri saboda arha, yakan fara lanƙwashewa tun tsakanin 110 da 130. Saboda haka ba a yin igiyar zamiya sai da igiyar baya, wadda ke tashi daga maɗauri guda ta nufi kishiyar alkibla zuwa wani turken, ta soke jan gefe ta mayar da shi danna ƙasa, kuma ba a ɗaure igiyar zamiya fiye da abin da zai sa eriya ta tsallake wayoyin riƙo. Sha'awar ganin igiya ta miƙe sak, wadda ido ke ɗauka alamar aiki mai tsafta, ita ce ta fi kowane kuskure tsada a wannan fanni.

Duk lissafin da ya gabata na kayan da ke tsaye ne ko mai tafiya a hankali, fizga kuwa tana da nata hukuncin. Idan aka saki nauyi farat ɗaya a kan igiyar da ba ta da saki ko kaɗan, jan yakan kai ninki biyu kafin ya lafa, idan kuma kayan ya faɗo ɗan nisa kafin igiya ta tare shi, abin da ke yanke girman bugun shi ne yawan miƙewar igiyar. Eriyar kilo 30 da ta zame rabin mita, idan igiyar da ta tare ta mai miƙewa santimita 10 ce a ƙarƙashin wannan nauyi, bugun zai kai kilo 130, idan kuwa santimita guda take miƙewa, zai kai 330. Ke nan gajeriyar igiyar da ake rataye eriya da ita a can sama kafin a ɗaure noti ta fi doguwar igiyar ɗagawa fuskantar haɗari, domin gajeriyar igiya ba ta da tsawon da zai shanye bugu. Ja da kirari, inda jama'a ke haɗa ƙarfi su fizga lokaci guda, shi ma fizga ce, kuma tafiya da igiya a natse ta fi shi.

Daga nan ne zaɓin igiya yake samun ma'ana. Nailan, wanda aka ƙirƙiro a kamfanin DuPont a 1935, yana da ƙarfi da miƙewa mai yawa, abin da ke sa ya shanye fizga, amma yana wahalar da mai son saita eriya daidai kan bututu, ƙarfinsa yana raguwa da kashi 10 zuwa 15 idan ya jiƙe, kuma idan ya tsinke yakan dawo da bulala mai raunata na kusa. Foliyesta, wanda aka samar a Ingila a 1941, ba ya miƙewa sosai, yana jure rana da ruwa, shi ne kuma mafi dacewa da yawancin wannan aiki. Folifurofilin, wato igiyar roba mai launin shuɗi ko rawaya da ta cika kasuwanni, ita ce mafi arha kuma mafi saurin mutuwa a rana, har takan riƙa zubar da gari idan an murza ta, kuma a ƙasashen da rana ke duka kusan duk shekara, igiyar da ta yi watanni a waje ba a san abin da ya rage na ƙarfinta ba. A kaurin milimita 12, sabuwar igiyar nailan mai tufka uku tana tsinkewa a wajen tan biyu da rabi, foliyesta ƙasa da haka kaɗan, folifurofilin wajen kilo 1,700, igiyar zaren manila kuma wajen tan guda.

Waɗannan adadi na tsinkewa ne a ɗakin gwaji, ba su ne abin da ake ɗora wa igiya ba. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce a raba su da biyar a ƙalla, da goma ko fiye idan akwai mutum a ƙarƙashin kayan ko a jikinsa, kuma wannan rata ita ke ɗaukar nauyin tsufa da fizga da abin da lissafi ya manta. Ƙulli ma yana da nasa haraji, domin a cikinsa zaren da ke bayan kwana yana ɗaukar fiye da rabonsa: ƙulli mai siffar lamba 8 yakan bar wa igiya kashi 75 zuwa 80 na ƙarfinta, ƙullin madauki na matuƙan jirgin ruwa kashi 60 zuwa 70, ƙulli na gama-gari kuwa wajen rabi. Ƙaramin fuli ma haka yake yi mata, shi ya sa ake son faɗinsa ya kai kaurin igiyar sau takwas zuwa goma. Duk da haka, igiya mai milimita 12 tana da rarar ƙarfi mai yawa a kan eriyar kilo 30, kuma mai ƙara kaurin igiya ba tare da ya duba ƙugiyar fuli da turke da ƙusoshin sandar ɗagawa ba ya kashe kuɗinsa ne a inda matsalar ba ta nan.

Iska ba ta buƙatar dogon bayani: ƙarfinta yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninka biyu, ta yadda eriya mai faɗin murabba'in mita guda ke jin kilo 6 zuwa 7 a iskar kilomita 36 cikin sa'a, amma ta ji fiye da 25 a iskar kilomita 72. Iskar da ke gabatar hadari a farkon damina a yankin Sahel takan taso cikin mintuna, saboda haka sanyin safiya ne lokacin aikin, kuma ba a fara shi inda eriya ko igiya za ta iya kusantar wayar lantarki.

Hannun mutum yana da wata fa'ida da inji ba shi da ita, wato yana ji. Mutum uku da ke jan igiya za su san nan take idan reshen eriya ya maƙale a wayar riƙo, domin nauyin zai sauya a tafinsu, kuma ƙarfinsu ba zai kai ya karya wani abu babba ba. Mota kuwa tana iya jan ɗaruruwan kilo ba tare da direba ya ji komai ba, kuma kafin ihu ya isa kunnensa sandar ɗagawa ta riga ta naɗe, abin da ya sa ɗaura igiyar ɗagawa a bayan mota yake cikin abubuwan da masana wannan aiki suka fi gargaɗi a kai. Ko ƙwararrun da ke aiki da manyan injuna ba su tsira daga lissafin hannun lanƙwasa ba. A ranar 7 ga Disamba 1982, a Misuri Siti kusa da Hustan a jihar Tekzas ta Amurka, ana ɗora sashe na ƙarshe na eriyar gidajen rediyo, mai nauyin kimanin tan 6, a kan hasumiya mai tsayin kusan mita 600, kuma da yake wasu kwanduna da ke jikin eriyar sun tare hanyar wayar ɗagawa, ma'aikatan sun ƙara wa maƙalin ɗagawa wani hannun ƙarfe da suka ɗaure da ƙusoshi masu siffar harafin U. An zaɓi ƙusoshin a bisa nauyin eriyar kawai, ba a lissafa ninkin da tsawon hannun ya jawo ba, sai suka karye, eriyar ta faɗo ta tsinka wayar riƙo, hasumiyar ta rushe, ma'aikata biyar suka rasu. Har yau ana koyar da wannan lamari a darussan aikin injiniya a Amurka.

Sauke eriya ya fi ɗora ta wuya, ko da yake jan da ke hannu ya fi sauƙi saboda gogayya ta koma taimakon mai riƙo. Wahalar tana lokacin da aka kwance noti na ƙarshe, sa'ad da nauyi ke tashi daga bututu ya koma kan igiya, domin duk sakin da ya rage a igiyar faɗuwa ce, faɗuwa kuma fizga ce, saboda haka ana ɗaure igiyar har ta karɓi nauyin kafin a taɓa notin, a kuma tabbatar an rataye eriyar daidai tsakiyar nauyinta don kada ta kifa. Masu riƙo a ƙasa sukan naɗa igiyar a jikin kafaffen bututu mai santsi domin gogayya ta riƙe musu, bisa ƙa'idar da Leonhard Euler ya tsara a ƙarni na 18, wadda ta nuna cewa ƙarfin riƙo yana ninkuwa da kowane zagaye: idan ma'aunin gogayya 0.3 ne, zagaye ɗaya yana rage jan da ke hannu sau 6 da rabi, zagaye biyu fiye da sau 40. Ƙarfin da gogayyar ta cinye zafi yake zama a jikin igiya, kuma folifurofilin yana narkewa a wajen digiri 165 na ma'aunin Salsiyas, yayin da nailan da foliyesta ke kai wa 250, saboda haka ana sakin igiyar hannu bayan hannu, da safar fata, ba a barin ta ta zurara a jikin bututun.